Idan na nutse cikin aiki ba na ganin kaina, idan na tsaya kallon kaina kuma aikin ya lalace

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum. Akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina, na ga gara in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu wanda ya taɓa shiga irin halin. Yaya mutum zai ba abin da yake yi dukkan zuciyarsa, kuma ya ci gaba da sanin abin da yake yi har ya iya gyara kansa? Ni dai biyun sun ƙi zama wuri ɗaya a wajena. Da ɗaya ya shigo, ɗayan zai fita.

Ni malamar lissafi ce, 'yan aji huɗu na firamare nake ɗauka. Akwai ranakun da darasi ke tafiya da kansa. Ina rubutu a allo, na ba yara baya, amma na san wanda ya gane da wanda ya sunkuyar da kai don kada in kira shi. Yaro zai ba da amsar da ba ita ba, kafin in yi wani tunani bakina ya riga ya mayar masa da tambayar da za ta sa ya gano da kansa inda ya kauce. Ba na jin yunwa, ba na duba agogo, sai dai in ji an kaɗa ƙararrawa. Irin waɗannan ranaku ne suka sa har yau ban bar koyarwa ba.

Amma da na fito, idan aka ce in faɗi abin da na yi har darasin ya yi kyau, sai in rasa bakin magana. Na san ya yi kyau, ban san ta yaya ba. Wace tambaya na fara yi? Wane misali ne ya buɗe musu kai? Duk ya bi iska. Abin da mutum bai iya tunawa kuwa ba zai iya maimaita shi da gangan ba, balle ya koya wa wani.

To a zangon karatun nan sai shugabar makarantarmu ta fito da wani tsari: bayan kowane darasi malami zai cike takarda, ya rubuta abin da ya yi kyau, abin da bai yi ba, da abin da zai canza. Tsakani da Allah tsari ne mai kyau, kuma na amfana. Ta hanyarsa na gane cewa yaran da ke zaune ta hannun hagu na allo ba su cika samun tambaya daga wajena ba, saboda yadda nake tsayuwa in ina rubutu. Wannan ba abu ne da zan taɓa gani ba da ban zauna na yi nazari ba.

Sai dai tun da aka fara, wata ni ta biyu ta shigo ajin ta zauna a bencin baya da biro a hannu. Ina magana tana cewa: kin yi sauri. Wannan misalin bai hau ba. Yau me za ki rubuta a takardar? Kwanan nan muna kan ɓangarorin lamba, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, me ya sa ɗaya bisa huɗu ya fi ɗaya bisa takwas girma, bayan takwas ta fi huɗu?" Duk wanda ya taɓa koyar da lissafi ya san irin wannan tambayar ake roƙon Allah a samu. A da, kafin ta rufe baki hannuna ya kai ga fallen takarda, in ninka biyu, in sake ninkawa, in ƙara ninkawa sau ɗaya, in miƙa mata ta ƙirga da kanta. Ran nan kuwa sai na tsaya da alli a hannu ina auna wace hanya ce ta fi dacewa: in mayar wa ajin tambayar, ko in zana, ko in ninka takarda. Daƙiƙa kaɗan ne, amma kafin in yanke shawara ta sauke hannu, na bayanta sun fara surutu, kuma hasken da na gani a fuskarta ya tafi. Na ninka takardar, ta ce ta gane, amma ni na san ba ɗaya ba ne.

Don Allah kada a ce mini kawai "ki daina tunani". Nazarin ya gyara mini abubuwa na gaske, ba na son rasa shi. Nutsewar kuma ita ce ran aikin. Waɗanda suka iya haɗa biyun, yaya kuke yi?

Koci_Sale:

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Ni ƙwallon ƙafa nake koya wa samari, kuma abin da kika bayyana kullum ina ganinsa a fili. Yaro zai yi ta zura bugun daga kai sai mai tsaron gida a wajen atisaye kamar wasa. Ranar gasa, mutane sun cika, sai ka ga ya ajiye ƙwallo ya ja baya yana kallon ƙafarsa. Da na ga haka na san an gama, ko dai ta tashi sama ko ta tafi hannun gola a sanyaye. Ba iyawarsa ce ta ragu ba, ya koma lissafin yadda ake bugawa ne maimakon ya buga.

Abin da nake gaya musu guda ne: ka zaɓi kusurwa tun kafin ka ajiye ƙwallo, daga nan idonka a kan ƙwallon, ba ruwanka da ƙafa. Hankalin bai tafi ko'ina ba, yana nan a farke, amma waje yake kallo.

Ni kaina akwai dokar da na sa wa bakina. Ana cikin wasa ba na gyara wa yaro yadda yake bugu. In zan yi ihu, kalma ɗaya ce: "Koma!" ko "Buɗe!" Gyaran ƙafa na ranar atisaye ne, ba a fafe gora ranar tafiya. A hutun rabin lokaci kuma abu biyu kawai nake faɗa, ko da na ga goma. Ke ma ina ganin ajin nan filin wasanki ne, takardar shugaba kuma ta ranar atisaye ce. Matsalar ita ce ta biyo ki cikin fili.

Hafsat_B:

Anti, ni ɗaliba ce a fannin nazarin halayyar ɗan'adam, kuma na ji daɗin wannan tambayar sosai, don abin da Koci ya faɗa an gwada shi.

A 2002 Sian Beilock da Thomas Carr da abokan aikinsu suka wallafa wani gwaji da suka yi da 'yan ƙwallo. An jera alamomi a ƙasa, ana so mutum ya ja ƙwallo ya ratsa tsakaninsu. Wani zubin a ce ya sa hankalinsa a kan gefen ƙafar da ke taɓa ƙwallon, wani zubin kuma a kunna masa kalmomi ya saurara yana jiran wata kalma guda. Gwanaye sun fi sauri lokacin da hankalinsu ke kan sauraro, da aka ce su lura da ƙafa sai suka rage. Sabbin shiga kuwa akasin haka, lura da ƙafar ce ta taimaka musu. Inda abin ya fi burge ni shi ne da aka sa gwanayen nan su ja ƙwallon da ƙafar da ba su saba da ita ba: a nan su ma lura da ƙafa ta taimaka musu. Mutum ɗaya, fili ɗaya, amma amsar ta danganta da wace ƙafa.

Ina ganin nan amsar tambayarki take, Anti. Ninka takarda don a nuna wa yaro ɗaya bisa takwas, wannan ƙafar damanki ce, ta daɗe da zama jiki, sa mata ido ba abin da zai ƙara sai tuntuɓe. Tuna yaran hannun hagu kuwa ƙafar da ba ki saba da ita ba ce, ita ce ke bukatar a lura da ita da gangan har ta zauna. Mai biron nan ta bencin baya laifinta shi ne tana duba komai da komai. Da za ki ba ta aiki ɗaya tak a kowane darasi, ki hana ta sauran, ina jin za ku zauna lafiya.

Maganar mantuwa kuma, kada ta dame ki. Su Beilock ɗin, a wani aikin da suka fitar a 2001, sun ga cewa ƙwararrun 'yan wasan golf sun fi sabbi iya bayyana yadda ake bugu gaba ɗaya, amma in aka tambaye su bugun da suka yi yanzun nan, sun fi sabbin kasa tuna dalla-dallarsa. Abin da ya zama jiki ba ya bi ta hanyar da ake ajiye labari. Don haka rashin tunawarki alamar gwaninta ce. In kina son sanin abin da kika yi a ranar da darasi ya yi kyau, ki nemi izini ki ajiye waya a kan tebur ta naɗi murya, ko ki roƙi wata malama ta zauna ta rubuta tambayoyin da kika yi. A bar wa na'ura ko wani mutum aikin tunawa.

Shi wannan hali na nutsewa, wanda ya fi kowa bincikensa shi ne Mihaly Csikszentmihalyi, ɗan asalin Hangari da ya koyar a Jami'ar Chicago. A shekarun 1970 ya yi hira da masu hawan duwatsu, likitocin tiyata, 'yan dara da masu rawa, kuma kusan bakinsu ɗaya: lokaci yakan ɓace, damuwa da yadda ake ganinsu ma ta ɓace. Amma ba wai sun daina sanin abin da ke faruwa ba ne. Mai hawan dutse ya san kowane ɗan tsagi da yatsansa ya kama. Abin da ya manta shi ne tambayar "ina burgewa kuwa?" A 2008 ma Charles Limb da Allen Braun sun sa makaɗan piyano shida cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka ga cewa lokacin da suke ƙirƙirar kiɗa nan take, wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da sa wa kai ido yakan yi sanyi. Mutum shida ba yawa ba ne, amma ya yi daidai da abin da kike ji.

Sista_Rabi:

Ni kam bari in ɗan saɓa, 'yan'uwa, don na ga ana neman a mai da nutsewa abin da ba shi da aibu. A ɗakin tiyata nake aiki, kuma a wajenmu wanda ya nutse har ya daina ɗago kai abin tsoro ne. Likita zai duƙufa yana neman jijiyar da ke zubar da jini, hankalinsa kaf yana cikin wurin da bai fi tafin hannu ba, bai san awa ta wuce ba, bai san yawan jinin da ya zuba ba. Gwani ne, kuma gwanintar ce ta shanye shi. Dole wani ya ce, "Likita, hawan jini na sauka."

Misalin da ake yawan kawo mana a horo na jirgin sama ne. A ranar 29 ga Disamba 1972 jirgin Eastern Air Lines mai lamba 401 ya faɗa fadamar Everglades a Florida ta Amurka, mutum 101 suka rasu. 'Yar fitilar da ke nuna cewa tayar gaba ta sauka ce ta ƙi kamawa, duk waɗanda ke gaban jirgin suka taru a kanta. Ashe ƙwan fitilar ne kawai ya mutu, tayar lafiyarta ƙalau. Suna can suna fama da ita jirgin yana ta yin ƙasa a hankali cikin duhu, ba wanda ya kalli ma'aunin tsawo sai da lokaci ya ƙure.

Yadda muke yi ba wai mu hana likita nutsewa ba ne, ai ba a ɗinke jijiya da rabin hankali. Tsayawa muke sa wa wuri. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya sa tsayawa uku: kafin a sa majiyyaci barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fita da shi daga ɗakin. A kowace kowa zai dakata, a faɗi sunan majiyyaci da aikin da za a yi da ƙarfi, a ƙarshe a ƙirga allurai da almakashi da ƙyallayen tsane jini. Da aka gwada a asibitoci takwas a ƙasashe daban-daban, mace-macen bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Tsakanin tsayawar nan kuwa ba mai damun likita da tambayar yaya yake ji.

Malama, darasinki ma yana da gaɓoɓi. Lokacin goge allo, lokacin da yara suka duƙufa kan aikin aji, lokacin raba littattafai. A nan za ki ɗago ki duba: wa ban kira ba, minti nawa ya rage, waye ya ɓace mini. Ba a tsakiyar tambayar yarinya ba.

Maman_Ilham:

Allah ya saka muku da alheri, wallahi kowannenku ya taɓo wani wuri. Maganar ƙafa biyu ta zauna mini, Hafsat, haka ma gaɓoɓin Sista. Na fahimci yadda zan yi da aji.

Amma akwai ɓangaren da ban faɗa ba, kuma shi ya fi yi mini ciwo, don a nan babu takarda babu shugaba. 'Yata tana da shekara huɗu. Da yamma takan zo ta zauna a cinyata da fensir tana zana mutane, kowa da katon kai da ƙafafu biyu da suka fito daga haɓa, tana gaya mini wannan Baba ne, wannan ke ce kina fushi, wannan kyanwa ce da ba ta da gida. Ina jin ɗumin bayanta a ƙirjina, ina jin yadda take numfashi da baki in ta mai da hankali. Sai kawai wata murya ta ce: wannan lokacin zai wuce fa, ki riƙe shi, ki ji daɗinsa sosai. Daga nan na fita. Na koma mai kallon wata uwa da 'yarta. Sau da yawa hannuna yakan kai ga waya in ɗauki hoto, ita kuma da ta ga waya sai ta daina zane ta gyara fuska. Ina da hotunan, amma labarin kyanwar ya yanke a nan.

Da dare kuma abin yakan juye. In na kwanta sai ranar ta dawo gaba ɗaya: me ya sa na ɗaga murya ga wancan yaron, me ya sa ba ni da haƙuri, wace irin uwa ce ke tunanin aiki 'yarta na magana. Wannan ma ai nazarin kai ne, ko ba haka ba? To me ya sa na takardar makaranta yake gyara ni, wannan kuma ba abin da yake bari sai nauyin ƙirji da rashin barci?

Hafsat_B:

Anti, ba iri ɗaya ba ne, kuma an bambanta su. Susan Nolen-Hoeksema ta yi shekaru tana nazarin wannan juya magana ɗaya a rai ba tare da an kai ko'ina ba. Ta auna ɗaliban Jami'ar Stanford 'yan kwanaki kafin girgizar ƙasar 1989 ta California, ta sake auna su bayanta, ta ga masu wannan ɗabi'ar sun fi daɗewa cikin ƙunci har makonni bakwai bayan abin. Edward Watkins na Jami'ar Exeter a Ingila kuma ya nuna cewa irin tambayar ce ke raba hanya. "Me ya sa ni haka nake?" ba ta da ƙarshe, hukunci ne a kan mutum gaba ɗayansa. "Me ya faru daf da in ɗaga murya, kuma gobe me zan yi a daidai wurin?" tana da amsa, ana rubutawa a rufe littafi. Ki duba takardar shugabarku, duk tambayoyinta na biyun ne. Na darenki duk na farkon ne.

Hoto kuma, Linda Henkel ta zaga da ɗalibai gidan adana kayan tarihi, ta wallafa sakamakon a 2014: abubuwan da suka ɗauki hotonsu gaba ɗaya sun fi saurin manta su a kan waɗanda suka tsaya suka kalla kawai. Amma waɗanda suka matso da kyamara kan wani ɗan sashe ba su yi wannan asarar ba. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne lura da ƙaramin abu na zahiri yana mayar da mutum ciki. In muryar ta zo, maimakon ki yi faɗa da ita, ki tambayi 'yar taki ina kyanwar za ta kwana.

Malam_Buba:

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya raya miki yarinyar. Na karanta duka, kuma yaran nan sun yi bayani mai kyau. Zan ƙara daga ɓangaren da na ɗan sani.

Damuwarki ba sabuwa ba ce. Muslim ya ruwaito cewa sahabi Hanzala ya haɗu da Abubakar, Allah ya yarda da su, ya ce masa Hanzala ya yi munafunci. Dalilinsa shi ne in suna wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ana tuna musu wuta da aljanna, kamar suna gani da ido, in sun koma cikin mata da 'ya'ya da dukiya sai su manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Suka tafi tare suka faɗa. Annabi ya ce da za su dawwama a kan halin da suke ciki a wurinsa, da mala'iku sun yi musabaha da su a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, "amma ya Hanzala, sa'a da sa'a", har sau uku. Ba a ce masa wasa da 'ya'yansa gafala ce da zai tuba daga gare ta ba. An ba ta lokacinta.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsara wannan a littafinsa Ihya'u da misalin ɗan kasuwa da abokin cinikinsa. Da safe a yi sharaɗi, a yini a sa ido, da yamma a zauna a yi lissafi. Ki lura, lissafi zama ne guda mai farko da ƙarshe, ana yinsa a tashi. Wanda ya kwana yana ƙirga abu ɗaya ba muhasaba, wato lissafin kai, yake ba, wasiwasi ne ya same shi.

Malamanmu na fiƙihu ma sun san wannan ciwo. A Risala an ce wanda shakka ta aure shi a salla, kullum yana kokwanton ko ya yi uku ko huɗu, to ya kau da kai daga shakkar, kada ya tsaya gyara, sai dai ya yi ba'adi bayan sallama. Dubi hikimar: ba a ce masa ya ƙara sa wa kansa ido ba, don ƙarin sa idon ne ciwon. An ce ya wuce, gyara yana bayan an idar.

Tambaya ɗaya zan bar miki, ba sai kin amsa a nan ba. Wannan mai biron da ke bencin baya, da idon wa take kallonki? Domin muraƙabar da malamai suke nufi ita ce bawa ya san Allah yana ganinsa, kuma na ga masu wannan sanin sun fi kowa natsuwa cikin aikinsu. Wanda ke tunanin idon mutane shi ne hannunsa ke rawa.

Maman_Ilham:

Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Zan amsa a nan, don amsar ba ta da wuya: da idon shugaba take kallona, da na sauran malamai da za su ji abin da na rubuta a taron ƙarshen mako. Shi ya sa ba ta taɓa tambayar ko yarinyar ta gane ba, kullum tambayarta yaya abin zai fito a takarda. A gida kuma ina jin idon wata ni ce ta nan da shekara ashirin, wadda nake tsoron za ta ce ban ji daɗin yarintar 'yata yadda ya kamata ba.

Ga abin da na tsayar. Na yi magana da malamar aji biyar, ta yarda za ta riƙa shiga darasina lokacin da ba ta da aji ta rubuta tambayoyin da na yi da sunayen waɗanda na kira, ni ma in yi mata haka. Abu ɗaya zan riƙa shiga aji da shi, a yanzu yaran hannun hagu, kuma lokacin goge allo zan duba shi. Takardar kuma zan roƙi shugaba ta bari in cike ta bayan an tashi, ba tsakanin darasi da darasi ba, don sanin cewa tana jirana a bakin ƙofa shi ke shigo da ita ciki. Na dare ne ban da tabbas a kansa. Zan gwada rubuta abu ɗaya da ya faru da abin da zan yi gobe kafin in kwanta, yadda Hafsat ta ce, mu ga ko zuciyar za ta yarda an rufe littafin.

Sista Rabi, saura tambaya gare ki. A wajenku akwai mai cewa "Likita, hawan jini na sauka." Ni a aji ni kaɗai ce babba, kuma akwai ranar da nake nutsewa da yara biyar masu kaifin kai har in bar talatin a baya ban sani ba, ranar ma ita ce nake fitowa ina jin daɗi. Kina ganin zan iya ba yaran kansu wannan aikin, wata alama da za su ɗaga in na yi nisa na bar su, ba tare da sun ji kunya ko abin ya zama wasa ba? A ɗakinku yaya ƙaramar ma'aikaciya take samun bakin tsayar da babban likita?